Bututun roba mai ƙarfi a cikin matsanancin sanyi: ina yake iyawa, ina yake gazawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina so in rubuta kundina a kan maye gurbin ƙarfe da roba mai ƙarfi a bututan da ke aiki cikin tsananin sanyi. Na karanta cewa wasu robobin, musamman waɗanda aka ƙarfafa da zaren kabon, sun fi ƙarfe ƙarfi idan aka yi la'akari da nauyinsu, ga shi ba sa tsatsa. To me ya hana a yi bututan ruwan gas da su, kamar a masana'antar gas ta Bonny da ke jihar Ribas?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka zaɓi maudu'i mai kyau, sai dai ina so ka ɗan karkata akalarsa tun kafin ka yi nisa. Har zuwa wajen digiri 40 ko 50 ƙasa da sifili, roba tana iya zama bututun gaba ɗayansa, kuma an daɗe ana yin haka. Daga nan zuwa ƙasa, inda ruwan gas yake, roba tana nan cike da masana'antar, amma ba a matsayin bangon dogon bututu ba. Dalilin kuwa ba rashin ƙarfi ba ne, domin yawancin robobi ƙarfinsu ƙaruwa ma yake yi idan sun yi sanyi.

Sanyi dai suna ne ya tara, saboda haka sai ka fara tantance wanne kake nufi. Amoniya tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili, furofen da ke cikin gas ɗin girki a 42, etilin a 104. Gas ɗin da ake mayarwa ruwa a Bonny tun 1999, wato LNG, yana zaune a 162 ƙasa da sifili, kuma a wannan yanayi girmansa ya ragu kusan sau 600. Ruwan oksijin da ke cikin manyan tankunan asibitoci yana kan 183, ruwan naitirojin da ake ajiye maniyyin shanu a ciki don baye na zamani yana kan 196, ruwan haidirojin kuwa 253. Robar da ta yi zarra a 40 tana iya zama tarkace a 162, saboda haka duk takardar kamfani da ta ce maka kayanta "na jure sanyi" ba tare da ta faɗi lamba ba, ajiye ta gefe.

Abin da ke faruwa a cikin robar shi ne wannan. Roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari da suka sarƙe da juna. Muddin akwai ɗan zafi, sassan sarƙoƙin suna iya juyawa su zame a kan juna, shi ya sa idan aka doki robar sai ta lotsa ta shanye dukan. Kowace roba tana da wani mataki na sanyi da wannan motsi ke tsayawa a kansa, daga nan sai ta sandare ta yi gautsi. Wanda ya taɓa manta cingam a firiza ya ga wannan da idonsa: abin da ɗazu ake ja yana miƙewa, yanzu da an lanƙwasa sai ya karye ƙas. A PVC wannan mataki yana sama, wajen digiri 80, shi ya sa bututun PVC tun a kusa da sifili yake fara fashewa idan aka jefo shi daga mota. A polifurofilin yana kusa da sifili. A PVDF, wadda ake shimfiɗawa cikin bututan mai masu lanƙwasuwa na cikin teku saboda jure zafi, yana wajen 35 zuwa 40 ƙasa da sifili. Polietilin ce mai sa'a a cikinsu, sarƙarta sassauƙa ce, nata matakin yana can ƙasa da digiri 100 ƙasa da sifili.

Idan ka ɗauki samfurin roba ka ja shi a na'ura cikin ruwan naitirojin, lambar ƙarfin da za ka gani za ta fi wadda ka samu a zafin ɗaki. A nan ɗalibai da yawa suke ruɗuwa. Lambar da ya kamata ka duba ita ce ta miƙewa kafin tsinkewa. Polietilin da ke iya miƙewa ninki biyar ko fiye a zafin ɗaki, a cikin naitirojin 'yan kaso kaɗan cikin ɗari take yi ta tsinke. Bututu kuwa ba ya rayuwa a ɗakin gwaji. Akwai ƙarzuwar da ya samu lokacin sauke shi, akwai sifanar da za ta faɗo masa, akwai bugun da ruwa ke yi idan aka rufe bawul da gaggawa. Abu mai danƙo yana lotsawa a bakin ƙarzuwar ya raba nauyin, mai gautsi kuwa nan take tsagar za ta kama hanya.

Shi kansa ƙarfe da jini aka koyi wannan darasi a kansa. Ranar 20 ga Oktoba 1944, a birnin Cleveland na Amurka, wani tankin LNG da aka ƙera da ƙarfe mai nikel kashi 3.5 cikin ɗari ya tsage. Ruwan gas ya malala cikin unguwa ya shiga magudanai, ya kama da wuta, mutum kusan 130 suka rasu. Sana'ar ta yi shiru na shekaru, sai a 1959 jirgin ruwan Methane Pioneer ya ɗauki LNG daga Louisiana zuwa Ingila a cikin tankunan alminiyum. Tun daga lokacin aka tsaya a kan 'yan kayan da aka tabbatar ba sa yin gautsi: ƙarfe mai nikel kashi 9, ƙarfen da ba ya tsatsa samfurin 304 da 316, alminiyum 5083, da Invar mai nikel kashi 36. Abokin hamayyar robarka ke nan, ƙarfen da ake iya waldawa, a ɗauki hoton waldar a duba, kuma yana da tarihin aiki na fiye da shekara sittin.

Sannan ka lura da wani abu da tambayarka ta tsallake. Ana ajiye LNG ne a matsi kaɗan sama da na iskar da muke shaƙa, bututan lodi ma matsinsu ba wani mai yawa ba ne. Tsawonsu kuma 'yan kilomitoci ne, daga tanki zuwa bakin jirgi, domin duk nisan da aka ƙara, zafin waje yana ƙara shiga yana tafasa ruwan. Ke nan babban abin da robar mai zaren kabon ke taƙama da shi, wato ƙarfi da rashin nauyi, ba shi ne ake nema a nan ba. Tsatsa ma ba ta cin ƙarfe a irin wannan sanyi. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wani lamari ne daban: gas zai ɗauka yana iskarsa, a zafin ƙasa, cikin matsi mai yawa.

Yanzu ga abin da na fi so ka zauna a kansa, wato tsukewa. Ɗauki biro. Daga zafin ɗaki zuwa sanyin ruwan naitirojin, ƙarfen da ba ya tsatsa yana raguwa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari, alminiyum kusan 0.4, Invar wajen 0.04, ifoksi zalla (robar da ke riƙe zare kamar gam) wajen kashi 1, robar PTFE, wato Teflon, kuwa kusan kashi 2. A bututu mai kilomita ɗaya, ƙarfen zai janye da kusan mita uku. Wannan ma ya isa ya tilasta wa masu zane su riƙa karya layin suna yi masa waɗancan lanƙwasoshi masu kusurwa huɗu da kake gani a kan gadar lodi. Roba mai tsukewa irin ta PTFE, mita ashirin za ta janye. Idan ka ɗaure bakunanta biyu don kada ta motsa, ka ɗora mata ja mai tsanani a daidai lokacin da ta rasa ikon miƙewa. Kuma ba a tare bututu yake yin sanyi ba. Ruwan farko da ya shiga yana bin ƙasan bututun, saman yana nan da ɗumi, sai ƙasan ya tsuke ya bar saman, bututun ya gantsare ya ɗaga daga kan mataimakansa. Shi ya sa ake sanyaya layi a hankali, da tururin gas mai sanyi tukuna kafin ruwa. Roba ba ta saurin isar da zafi, saboda haka bambancin da ke tsakanin fatar ciki da ta waje ya fi daɗewa a bangonta, ciki yana ja, waje yana turjewa.

Za ka ce ai zare yana magance wannan, kuma da gaskiyarka ta wani ɓangaren. Zaren kabon kusan ba ya tsukewa ta tsawonsa, ifoksin da aka cusa wa zaren gilashi ma yana sauka zuwa wajen kashi 0.25, kusa da ƙarfe. Amma matsalar ba ta tafi ba, ciki ta koma. Robar da ke riƙe zaren tana son ta tsuke, zaren ya hana ta. A bangon da aka jera shimfiɗu, wannan zarensa ya bi tsawo, na gaba ya gitta, kowace shimfiɗa tana jan maƙwabciyarta. Sai ƙananan tsagogi da ido ba ya gani su fara bayyana a tsakanin zaren. Bangon bai rasa ƙarfinsa ba, zai ci jarrabawar matsi lafiya lau. To amma duk sanyayawa da ɗumamawa tana ƙara yawan tsagogin, har ranar da na wannan shimfiɗa za su haɗu da na waccan su buɗe hanya daga ciki zuwa waje.

Haka ta faru ga jirgin sararin samaniya na gwaji X-33 da hukumar NASA ta Amurka da kamfanin Lockheed Martin suka yi. A watan Nuwamba 1999 aka cika tankinsa na zaren kabon da ruwan haidirojin a cibiyar Marshall da ke Alabama. Tankin ya ɗauki matsi da nauyin da aka ɗora masa. Bayan an zubar da ruwan, yana cikin ɗumama, sai fatar waje ta ɓare. Bincike ya nuna cewa gas ya bi ta ƙananan tsagogi ya shiga ramukan da ke tsakanin fata biyu, da zafi ya dawo sai ya kumbura ya rasa mafita. A 2001 aka soke shirin. An ci gaba sosai tun daga lokacin, an samu ifoksi mai ɗan danƙo da shimfiɗu sirara ƙwarai da ke rage tsagewa, har rokar Electron ta kamfanin Rocket Lab tana ɗaukar ruwan oksijin a tankin zaren kabon. Sai dai roka tana biyan kuɗi mai yawa don ta rage kilo ɗaya, kuma aikin tankinta na sa'o'i ne. Bututun tashar gas ana so ya yi shekara talatin, kuma babu wanda ya damu da nauyinsa tunda a kan kankare yake zaune. SpaceX ma da ta fara ƙera Starship da zaren kabon, daga baya ƙarfen da ba ya tsatsa ta koma.

Akwai wuri ɗaya da roba take riƙe LNG kai tsaye, kuma yadda aka yi shi ya fi komai koyarwa. Ina nufin tiyon da ake juye gas da shi daga jirgi zuwa jirgi, aikin da aka fara na kasuwanci a Scapa Flow ta ƙasar Sikotland a 2007. Idan ka samu guntun irin wannan tiyo da aka yanka, duba bakinsa. Daga can ciki akwai waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a murɗe. A kanta an naɗa yadi saƙaƙƙe, sannan fallayen roba sirara kamar leda, na poliyesta ko nailan, ɗaya bisa ɗaya, da yawa, sannan wani yadin, sannan waya ta biyu a waje wadda ke zama a cikin kwarin da ke tsakanin murɗin ta ciki tana matse komai. Babu gam a tsakanin fallayen. Ka sa farce za ka iya ɗaga su ɗaya-ɗaya. Sirrin ke nan. Falle siriri yana lanƙwasuwa ko ya sandare, domin lanƙwasa ba ta ja masa fata sosai. Kowane falle yana tsukewa yadda ya ga dama ya zame a kan ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya tsage, tsagar ba ta da gadar da za ta haye zuwa na gaba, sai tiyon ya fara nuna raɓa da ƙanƙara a wurin tun kafin ya fashe, ma'aikata su tsayar da aiki. Zaren roba da aka ja aka miƙar da sarƙoƙinsa, irin na polietilin mai dogayen sarƙoƙi ƙwarai da ake sayarwa da sunan Dyneema, shi ma yana riƙe ƙarfinsa a wannan sanyi. Amma tiyo tiyo ne. Tsawonsa 'yan mitoci ne zuwa gomiya, cikinsa mai gargada yana cin matsi, ana gwada shi a kai a kai ana kuma sauya shi. Ƙa'idar Turai ta EN 1474-2 ce ke tsara gwajinsa, ka neme ta ka karanta, za ta nuna maka irin tambayoyin da masana'anta ke yi wa roba.

Sauran wuraren ƙanana ne a ido amma ba a yin aiki sai da su. Mazaunin bawul yawanci PCTFE ne, wata 'yar'uwar PTFE, ko PTFE da aka gyara, saboda suna riƙe ɗan laushin da zai toshe yoyo, PCTFE kuma ba ta tsukewa kamar PTFE. Akwai nau'o'in PEEK, wata roba mai ƙarfi da tsada, da aka tsara don wannan aiki. Poliyimid irin ta Kapton tana aiki har a sanyin ruwan hiliyam, digiri 269 ƙasa da sifili. Duk da haka, dubi bawul ɗin LNG ka ga dogon wuyan da aka yi masa. An tsawaita shi ne don robar da ke toshe sandar murɗawa ta zauna can sama inda ɗan gas ya taru ya yi mata katanga da sanyin. Zoben toshiya ma akan cusa masa sifirin na ƙarfe a ciki don ya ci gaba da tura robar idan ta janye. Roba mai taushi irin ta zoben da makanikai suka sani ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Zoben da ya jawo hatsarin kumbon Challenger na Amurka ranar 28 ga Janairu 1986, wanda ya ci ran mutum bakwai, a sanyin safiya kawai ya sandare, wajen digiri 2 sama da sifili. Sai kuma rufin hana zafi shiga, kumfar poliyuritan da 'yar'uwarta PIR, da mataimakan bututu na ifoksi mai zaren gilashi, waɗanda ake zaɓa saboda ba sa shigo da zafi kamar ƙarfe. Tankunan jiragen LNG samfurin Mark III ma haka suke: fatar ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 ce ke taɓa ruwan, kumfar roba mai kauri tana bayanta.

Wuta ita ma tana da tata hujjar. Polietilin tana narkewa a wajen digiri 130, bututun ƙarfe kuwa zai iya tsayawa cikin gobara har a samu a rufe bawuloli. Ruwan gas ba ya isar da lantarki, roba ma haka, saboda haka caji yana taruwa a bango ya nemi inda zai yi tartsatsi. Idan ruwan oksijin ne, yawancin robobi makamashi ne kawai, bugu ɗaya ya isa ya tayar da su, shi ya sa ake tsayawa a kan dangin PTFE da PCTFE bayan gwajin duka. Ko layin naitirojin ne ko haidirojin, bangonsa yana da sanyin da zai mayar da iskar waje ruwa, ruwan nan kuma oksijin ya yi masa yawa, idan ya jiƙa kumfa an haɗa abin fashewa.

A matsakaicin sanyi kuwa labarin ya juya, roba ce ke gaba. A ƙauyukan Alaska da arewacin Kanada ana kai ruwa ta bututun HDPE, wato polietilin mai tauri, da aka lulluɓe da kumfa, wani lokaci da wayar ɗumamawa a gefe, kuma ko ruwan ya daskare a ciki bututun yakan buɗa ya koma ba tare da ya fashe ba. Samfurin polietilin na PE100 an tsara shi ya jure megafaskal 10 na shekara 50 a digiri 20, kuma a kauri samfurin SDR 11 yana ɗaukar gas har matsin ba 10 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne, ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar da muke shaƙa). Abin tsoro a bututun gas na roba idan ya yi sanyi shi ne tsaga mai gudu: tsagar tana tafiya fiye da mita ɗari a sakan ɗaya, matsin gas ɗin da ke bakinta bai kai ga sauka ba, sai ta yi ta yanka bututun har tsawo mai yawa. Gwajin S4 na ISO 13477 shi ke gano matakin sanyin da hakan ke farawa. Polietilin da aka ɗinke sarƙoƙinta, PE-X, ta fi jure wannan, ana kai ta har 50 ƙasa da sifili. Nailan 11, wadda daga man zurma ake yin ta, da nailan 12 suna ɗaukar matsi fiye da polietilin. Sama da su akwai bututan da ake naɗewa a kan faifai, roba a ciki, zare a tsakiya, roba a waje, waɗanda API 15S ke tsarawa, da irin na Strohm a Holan da na Magma a Ingila mai zaren kabon da PEEK. Na ƙarshen nan farashinsa ba na wasa ba ne, kilon PEEK ya ninka na polietilin fiye da sau ashirin. Dukkansu kuma rauninsu yana bakin haɗi, inda roba ke shiga cikin maƙalar ƙarfe, kowanne yana tsukewa da nasa lissafin.

Kada ka ɗauka wannan matsalar mutanen ƙanƙara ce kawai. Gas yana yin sanyi idan matsinsa ya faɗi, kusan rabin digiri a kowane ba ɗaya. Motar CNG da ta zo da gas a matsin ba 200 aka sauke shi zuwa ba 4 ba tare da na'urar ɗumamawa ba, ko a tsakiyar bazarar Kano za ka ga ƙanƙara ta lulluɓe ragileta, kuma bututun robar da ke bayanta zai sha sanyin da ba a zana shi don shi ba. Haka tashar da ake mayar da LNG ɗin da tankoki suka kawo iska: idan na'urar ɗumamawa ta gaza, ruwa mai digiri 162 ƙasa da sifili ya tsallaka zuwa layin polietilin ko na baƙin ƙarfe, duka biyun za su tsage. Shi ya sa ake sa ma'aunin zafi da bawul mai rufe kansa a wannan mahaɗa.

Da ni ne kai, a nan zan kafa kundin, domin abu ne da za ka iya gwadawa da kayan da ke hannu. Ka yanki samfura daga PE100, da PVC, da nailan, da PTFE, da ifoksi mai zaren gilashi, ka yi wa kowanne tsaga iri ɗaya. Ka gwada su da na'urar duka ta Charpy a zafin ɗaki, sannan a sanyin firiza, sannan a 78 ƙasa da sifili ta hanyar busasshiyar ƙanƙara cikin sinadarin alkohol, sannan a cikin ruwan naitirojin. Daga fitar da samfur zuwa dukansa kada ya wuce sakan biyar, in ba haka ba fatarsa ta ɗumama, lambar ta zama ƙarya. Wasu samfuran ka tsoma ka fitar sau da yawa kafin gwaji, ka goge gefensu ka shafa ruwan rini mai bin tsaga, ka ƙirga tsagogin a madubin ƙara girma. Ka sa safar hannu mai saurin cirewa da gilashin kare fuska, ka yi aikin inda iska ke shiga, kuma kada ka taɓa rufe ruwan naitirojin a cikin abin da ba shi da mafita, domin lita ɗaya tana zama kusan lita 700 ta gas.